Hannun da Ya Tsaya a Gangaren Gidan Burodi

Ina gargaɗin duk wanda ke zaune a ɗakin nan, da duk wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bayan mun watse: idan yabo zalla ka zo ji, kunun masara na nan a bakin ƙofa, ka sha ka kama hanyar gida. Ban iya shafa wa mamaci zuma ba, shi ma wanda muka taru dominsa ba ya so. Abin da zan faɗa ya hana ni sakewa tun ranar da aka binne shi, kuma ina so ya hana wasunku.

Mai girma Fada Anselmo, mai girma magajin garin San Gervasio, Don Hilario, shugaban Ƙungiyar Makarar Ubangiji, da dattawan da ke tare da kai, Doña Herminia, uwargidan marigayi, da 'ya'yanki da jikokinki, makaɗan badujala da ke can baya da kayan busa a cinya, maɗauka manya da ƙanana, maƙwabta. Ina gaishe ku, ina yi mana gaisuwar rashin malaminmu na kiɗa, Maestro Eleuterio Chacón.

Ni ce Griselda, matar Baudilio mai gyaran takalma. Da Doña Herminia ta aiko cewa ni take so in yi magana a taron arba'in ɗin mijinta, na ce wa ɗan aiken ya koma ya tambaye ta ko ta manta ko ni wace ce. Ya dawo ya ce ba ta manta ba, marigayin ne ya bar wannan wasiyya. Tsofaffin cikinku sun san abin da ya sa na yi tambayar. Yaran kuwa yanzu za su ji.

Mu mutanen garin nan mun san shi tun yana taya uwarsa sayar da kyandir a ƙofar coci. Ya tafi makarantar kiɗa a babban birni, ya tsara kiɗan da makaɗa sittin suka buga a babban zauren ƙasa, aka tashi tsaye ana yi masa tafi. Ya dawo mana saurayi, da gashi har wuya, da takalmi mai ƙyalli. Muka yi alfahari da shi. A shekarar ne tsohon jagoran badujalarmu ya gaza, ƙungiya ta miƙa masa sanda ya ja makaɗa a jerin gwanon Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Ubangiji a kan gicciye. Ba wanda ya ce a dakata. Wa zai koya wa mai tsara kiɗa yadda ake kaɗa sanda?

Kun san aikin, amma bari in faɗa saboda masu ɗaukar abin kallo ne kawai. Mutum tamanin ke shiga ƙarƙashin makarar da ke ɗauke da siffar Ubangiji, an auna kafaɗunsu an jera su. Ba mai ganin ƙafarsa, ba mai ganin hanya, hayaƙin turare ya rufe ko'ina. Abin da suke da shi kawai babbar gangar da ke bayansu. Ta buga, su jingina hagu. Ta buga, su jingina dama. Gangar kuwa sanda take bi. Wanda ya riƙe sandar nan, ƙafafun mazanmu ya riƙe.

A gangaren gidan burodi, inda hanya ke sauka tana karya kwana, kiɗa ɗaya ake bugawa tun zamanin kakanninmu, wato Ƙofar Lambu, wanda Don Fulgencio Marroquín ya tsara. A tsakiyarsa akwai wurin da duk masu busa ke yin shiru, ƙaho ɗaya ya tashi shi kaɗai, ganga na tafiya a ƙarƙashinsa. Don Fulgencio bai rage gudu a wurin ba, domin shi maɗauki ne kafin ya zama mai kiɗa. Amma saurayin da ya dawo daga birni ya ji a ransa cewa tsohon ya yi gaggawa, wuri mai kyau haka ya kamata a bar shi ya numfasa. Ya ɗaga sanda, ya bar ta a sama. Ganga ta jira shi.

Ban ce ya daɗe ba. Bai kai a haɗiye yawu ba. Na gaba, da ke nesa da kiɗan, suka ci gaba da sauka da takun da ke jikinsu. Na baya, da gangar ke kunnensu, suka tsaya da ƙafa a sama. Makarar ta zame daga kafaɗu da yawa, nauyinta ya taru a kusurwar dama ta baya. Mijina ne a kusurwar.

Ina tsaye a bakin gidan burodin, ina ɗauke da cikin ɗana Otoniel. Na ga fitilun makarar sun karkata. Na ga siffar Ubangiji ta sunkuyo kamar za ta sauko cikin mutane, ga yara zaune a gefen shimfiɗar garin katako mai launi da aka yi wa hanyar ado da ita. Na ji ƙarar gwiwar Baudilio a kan dutse, duk da kiɗan. Bai saki ba. Da ya saki, da ba shi kaɗai za a ɗauka ba a ranar. Makarar ba ta taɓa ƙasa ba, aka tallafe ta, jerin gwano ya wuce. Shi kuwa aka jawo shi gefe, ƙugunsa ya goce. Magini ne a lokacin, mai hawa saman coci ba tsoro. Tun ranar bai sake taka tsani ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne, yawancin mutane ba su san an yi komai ba. Baƙin da suka zo daga birni suka yi ta cewa ba su taɓa jin Ƙofar Lambu ta yi daɗi haka ba. Har da mai share hawaye.

Maestro ya zo gidanmu bayan Ista, hularsa a hannu. Na tare ƙofa na ce masa gidan nan bai san shi ba. Baudilio ya jiyo daga gado ya ce in bar shi ya shigo. Da ya shiga, mijina ne ya fara magana.

"Maestro, an ce kiɗan ya yi daɗi. Ni ban ji ƙarshensa ba, ina ƙasa muna gaisawa da duwatsu."

Haka Baudilio yake, komai wasa. Ni ban yi dariya ba, Maestro ma bai yi ba. Ya fita, a ranar ya mayar wa ƙungiya sandarta.

Daga nan ne mutumin da muke tunawa yau ya fara. Ya je aka auna kafaɗarsa kamar kowa, aka sa shi cikin na baya. Maɗauka ba su raga masa ba. Wani ya ce ga mai miya ya zo ɗanɗana gishirinsa. Wani ya ce, "Maestro, in ka gaji ka ɗaga hannu, sai mu jira ka." Shekara biyar yana ɗauka, kafaɗarsa ta yi kanta irin ta sauran, kafin dattawa su roƙe shi ya karɓi sandar. Da Baudilio ya buɗe rumfar gyaran takalma, kowane mako sai ga Maestro da takalmin da ba abin da ya same shi, har mijina ya tambaye shi ko soya su yake yi yana ci. Ni dai gaisuwa ce tsakaninmu, ita ma daga nesa.

Ya kasance, tun da ya sake riƙe sanda, ba ya kallon takarda a jerin gwano, ba ya kallon sama. Dugadugan maɗaukan baya yake kallo.

Ya kasance yana koyar da yaranmu a ɗakin bayan coci, ɗan mai shago da ɗan mai shara a benci ɗaya, yana ɗaure tsofaffin ƙahoni da waya don kada wani ya koma gida ba abin busawa. Ba auren da aka ɗaura a garin nan, ba gawar da aka fitar, da bai tsaya a kai da makaɗansa ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Ya kasance idan aka gayyace shi birni ya ja manyan makaɗa a kan kiɗan Turawan da suka mutu tun da daɗewa, yakan buga abin da suka bari, yadda suka bari. Masana can suka yi ta gunaguni, wai jagorancinsa kamar ruwa yake, ba launi, wai mai tsara kiɗa irinsa ya kamata a ji shi a ciki. Suna kwatanta shi da wani abokin karatunsa, shi ma mai tsarawa, wanda duk mamacin da ya ba shi kiɗa sai kiɗan ya fito da hancin abokin da idonsa. Maestro yakan ce abokin nasa gwani ne, amma a zaure yake aiki, inda in ka ja kiɗa ya yi tsawo sai dai a yi maka tafi ko tsaki. Mu a nan ƙashi ke biya.

Ya kasance ba ya jagorantar kiɗan da ya tsara da hannunsa. Yakan miƙa wa mataimakinsa, ya koma gefe yana cizon leɓe yana jin ana yi masa ba yadda yake so ba. Ya ce ya kamata ya riƙa ɗanɗana abin da matattu ke ji.

'Yata Zoila tana cikin yaran bencin nan. Ba da yardata ta fara ba. Ubanta ne ya kai ta da ƙafarsa mai ja, na dawo daga kasuwa na tarar an gama. Wata rana na je ɗauko ta, na tsaya a taga, na ji yana gaya musu maganar da ban manta ba. Ya ce mai busa kunne ɗaya gare shi, yana jin abin da aka rubuta. Mai tsara kiɗa kuwa biyu gare shi, na biyun yana jin abin da da shi ne zai rubuta. Ya ce kunnen nan na biyu shi ne arzikinsu, kuma shi ne ɓarawon da ke kwana a gidansu. Yaran suka yi dariya.

Yanzu zan faɗi abin da ba ku sani ba. Kowace Jumma'a Mai Kyau tun da ya sake riƙe sanda, a bakin gidan burodi nake tsayawa. Mutane na cewa Griselda mai ibada ce, ba ta sauya wuri. Hannun Maestro nake gadi. Idan ƙahon nan ya tashi, kowa ya rufe ido, ni nawa a buɗe suke a kan sandar. Bai sake tsayawa ba ko sau ɗaya, na shaida wannan a gaban Allah da gabanku. Amma na ga hannun yana rawa. Na ga yana mayar da na hagu bayansa ya dunƙule. Doña Herminia, ke kin san abin da nake faɗa, ke ce kike wanke masa tafin hannu idan ya dawo, inda farcensa ya shiga. Shekara talatin da wani abu, abin bai mutu ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika a kira ni. Na je da rana, na tarar an jingina shi da matasai kusa da taga. Na zaci gafara zai nema, na ma shirya abin da zan ce, domin na daɗe da yafewa ko da ban furta ba. Ba ita ya nema ba.

"Doña Griselda, zan gaya miki abin da ban gaya wa Fada ba. Har yanzu ina ganin ni ne da gaskiya. Wurin nan ya fi kyau in an ja shi. Don Fulgencio ya yi gaggawa."

Na ce masa, a bakin kabari yake wannan magana?

"Shi ya sa nake yi. Kin zaci na warke ne. Ban warke ba, ɗaure kaina na yi." Ya huta, sannan ya ce, "Na gaya wa Don Hilario a ba Zoila sandar. Ba wanda ya kai ta. Ta fi ni kunne, duka biyun. Ki ji tsoro."

Na fito ban san ta inda na bi na isa gida ba.

To ga inda muke, jama'a. Ƙungiya ta bi wasiyyarsa, ta ba 'yata sandar, kuma ban ce an yi kuskure ba. Mace ce cikakkiya, ta yi karatunta a birni, an buga abin da ta tsara a wuraren da ni ban taɓa zuwa ba. Azumin kafin Ista ya shigo, Jumma'a Mai Kyau na tafe. Ranar Lahadin da ta wuce aka auna maɗauka aka raba musu wurare. Otoniel ya dawo yana murna, tsawonsa ɗaya da na ubansa, an ba shi gangaren gidan burodi, kusurwar dama ta baya. Ya ce gadon gida ne. Na ce ya je a sauya masa. Ya ce, "Mama, in ce musu me? Ina tsoron ƙanwata?"

Washegari da hantsi ina tafa wainar masara a madafa, Zoila na wanke-wanke a tsakar gida, tana rera Ƙofar Lambu a hanci. Ina bin ta da tafin hannuna ban ma sani ba. Ta zo wurin ƙahon. Hannuna ya sauka, muryarta ba ta sauka ba. Ta ja shi. Daidai inda ya ja, daidai yadda ya ja, ita da ba a ma haife ta ba a lokacin, kuma ba ta taɓa jin kowa ya buga shi haka ba.

Wainar ta faɗi daga hannuna. Na fito na tambaye ta abin da ta yi. Ta dube ni, da gaske ba ta sani ba. Da na faɗa mata sai ta yi dariya.

"Haba Mama, kwano nake wankewa, ba sanda a hannuna. A bakina ma ba ni da iko?"

Otoniel na cin wake a bakin ƙofa, ya ce in ta kashe shi ita za ta gaji bashin wankin rigunansa. Suka yi ta yi, ta ce ai ƙaton banza irinsa ko makarar ta faɗo masa ita za ta karye. Ta ƙara da cewa ta san aikinta, a ranar ba za ta yi ba, amma in gaskiya ake so, duk mai kunne ya san wurin yana roƙon a ja shi. Maganar mamacin ce ta fito daga bakin 'yata, kalma da kalma.

Ubansu na zaune a rumfarsa da takalmi a cinya. Bai saba shiga maganarmu ba. Ya ajiye guduma, ya miƙe, ya jingine sandar da yake dogarawa, ya ce, "Sake rerawa, 'yar Baba. Yadda kike jin sa. Ni zan taka."

Ta ce ya bari. Ya ce ta rera. Ta fara, ya fara takawa daga rumfa zuwa wurin wanki, hagu, dama, yana jingina kamar mai kaya a kafaɗa. Ina ganin ta yi niyyar tafiya daidai. Amma da ta zo wurin, abin ya fi ƙarfinta, ta ɗan riƙe shi, ɗan kaɗan. Ƙafarsa mai lafiya na sama tana jiran sauka, nauyinsa duka a kan gurguwar. Ta lanƙwashe. Ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya daki bakin kwamin wanki. Ga shi can zaune a layi na uku, kuna iya ganin ɗaurin.

Ba wanda ya yi wasa bayan nan. Zoila ta durƙusa tana danne masa jinin da gefen rigarta, hannunta na rawa irin rawar da na sani. Shi kuwa ya ce mata, a hankali, "Wannan ni kaɗai ne, kuma ba kaya."

Ban kawo wannan don in kunyata 'yata ba. Na gaya mata zan faɗa, ta ce in faɗa. Na kawo ne don ku san girman abin da mutumin nan ya yi mana. Muna yaba masa kiɗan da ya tsara, ya cancanta. Amma babban aikinsa shi ne wanda ba a ji: abin da ya hana kansa yi a kan kiɗan wani, kowace shekara, alhali zuciyarsa na gaya masa shi ne da gaskiya. Mazanmu nawa suka sauka gangaren nan suka koma gida da ƙafafunsu saboda haka? Ba mai iya ƙirgawa, domin abin da bai faru ba ba ya barin shaida.

Ku 'ya'yansa, kada ku ji nauyin abin da na tona. Ubanku ya yi kuskure sau ɗaya yana saurayi, ya biya da sauran ransa ba tare da an sa shi ba. Mutane kaɗan ne za a faɗi haka a kansu. Doña Herminia, ke kika ɗauki mutumin da ya ɗauke mu. Gidana ya san ki, kuma tun da daɗewa ya kamata in ce ya san shi. Ku makaɗa, musamman kai mai babbar ganga, ku riƙe abin da ya koya muku. Ku iyaye, idan Allah ya ba ɗanku baiwa, ku gode, sannan ku sa ido, domin mai baiwa ba ya jin lokacin da hannunsa ya shiga kayan wani.

Na gode wa Fada, na gode wa ƙungiya, na gode wa matan da suka kwana suna dafa abin da za mu ci. Ubangiji ya ba bawansa Eleuterio hutawa ta har abada, haske marar ƙarewa ya haskaka masa. Ya buɗe masa hannun nan da ya dunƙule, ya kai shi inda zai ja kiɗa yadda ransa ke so ba wanda zai faɗi. Ya tsare ƙafafun maɗaukanmu a wannan shekara. Ya tsare hannun 'yata. Amin.

Saura abu ɗaya, na gidana ne, amma ina so ku zama shaidu. Tun ranar Litinin na kafa doka. Abin da Zoila ta tsara nata ne, ta ja shi har gobe in ta so. Amma kiɗan wani, ba a rera shi a gidana a zaune, ba a rera shi a tsaye, ba a rera shi a bakin wanke-wanke. Mai son rera shi ya ɗauki buhun masara a kafaɗar dama ya rera yana tafiya. Kowace yamma za ku gan ta tana sauka gangaren gidan burodi da buhunta, yayanta na gabanta taku ɗaya, ni ina biye. Kada wanda ya taya ta, kada wanda ya yi mata sannu. Ranar da za ta ajiye buhun nan, ni zan faɗa, kuma ba bana ba ce.